Zaizayar ƙasa da rushewar gidaje: aikin da ya kamata a soma daga tudu kafin ruwa ya sauko gari

Kowace damina sai an ƙirga gidajen da suka faɗi, da hanyoyin da ruwa ya yanke, da gonakin da rairayi ya binne. Nijar ta daɗe da sanin dabarun ɗaure ƙasa, tun daga tassar Illela har zuwa bulon matsi na Dandaji. Abin da har yanzu ya gagara shi ne haɗa waɗannan dabaru a kan hanyar ruwa guda, da samun mai kula da su bayan an watse daga bikin buɗewa.

Darasin daminar 2024

Ranar 30 ga watan Agusta 2024, ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, mutane aƙalla 15 suka rasa rayukansu. Kwana huɗu bayan haka, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A cikin watan Agustan ne kuma ruwa ya yanke babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a mashigar Yamai, manyan motocin kaya suka yi cirko-cirko. Da aka rufe lissafin daminar, hukumomi sun ƙirga mamata kusan 400 da mutane sama da miliyan ɗaya da ambaliya ta shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba saboda azuzuwan da suka lalace da waɗanda aka tsugunar da jama'a a ciki.

Gwamnati ta mayar da martani da rage farashin siminti a watan Oktoban wannan shekara, domin waɗanda suka rasa matsuguni su samu damar sake gini. Matakin ya sauƙaƙa wa magidanta da yawa. Sai dai ya ƙarfafa wani tunani da ya riga ya zauna a zukatan jama'a, cewa laka ce ke kada gida, siminti kuwa shi ne magani. Wanda ya ga yadda kwazazzabo ke cinye gindin gidan bulo a gefen gari, ko yadda ruwa ke zagaye gada ya bar ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar ƙorama, ya san maganar ta wuce nan. Ƙasar da gini ke tsaye a kanta, da ƙasar da ruwa ke bi kafin ya iso, su ne ke yanke hukunci.

Ruwan da ke kada gida daga tudu yake fitowa

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Ruwa irin na Maraɗi ya zuba lita miliyan ɗaya da rabi ke nan a kan kowace hekta. Idan jigawa ce mai ciyawa da itatuwa, mafi yawansa nutsewa yake yi. Idan fako ne da ya daskare kamar daɓe, rabi ko fiye da haka kwarara yake yi, ya haɗu da na maƙwabta, ya sami gangare. Gudun ruwa kuwa in ya ninka sau biyu, ƙarfinsa ninkawa yake sau huɗu.

Masana ruwa sun daɗe da lura da wani abin mamaki a Sahel: tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, ruwan da ke gudu a ƙoramu ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda dazuzzukan da aka sassabe da ƙasar da ta yi ɓawo. A kan wannan kuma sai ga sauyin yanayi. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun farkon shekarun 1980. Ruwa ya ƙara ƙarfi, ƙasar da za ta tarbe shi ta ƙara rauni.

Garuruwanmu kuma kowane da irin matsalarsa. Maraɗi ta bar kwarin Gulbi ta hau tudu bayan ambaliyar 1945, amma tudun rairayi ne mai saurin zagwanyewa, kuma duk ruwan rufin kwano da na tituna gangarawa yake zuwa Gulbi ta kwazazzaban da ke faɗaɗa kowace shekara. Damagaram tana zaune kan dutse, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, kududdufan da magabata suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke riƙe shi, ga shi ana cike su ana yanka filaye. A Yamai, ƙoramar Gunti Yena ta ratsa tsakiyar birni, ta Kurtere kuma tana zuba rairayi cikin kogin Isa daga ɗaya gaɓar. Kogin da cikinsa ya cika da yashi ba ya ɗaukar ruwa kamar da, kuma an ga sakamakon a watan Satumba 2020, lokacin da ruwa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai, shingen Lamorde ya ɓalle.

Abin da Adar da Maraɗi suka riga suka gwada

A fagen farfaɗo da ƙasa Nijar ba ɗaliba ba ce. Taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984 ya zo daidai da soma aikin Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyi tare da hukumar FAO. Mazauna Adar, galibinsu mata tunda maza na ci-rani, sun fasa dutse, sun jera shi, sun haƙa ramuka a kan tuddai, aka farfaɗo da sama da hekta 30,000 tare da dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Tun kafin nan, daga 1975, an soma jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya ƙarfin iska. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da ingantacciyar dabarar tassa, har fakon da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa.

Dukan dabarun nan manufarsu guda ce: a rage wa ruwa gudu, a ba shi lokacin nutsewa. Tassa ƙaramin rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, ana zuba masa taki, gara ta huda ƙasa, ruwa ya bi. Rabin wata ana haƙa shi da faɗin kamar mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa, tudunsa na ƙasa, ana jera wajen 313 a hekta ta yadda ruwan da ya tsere wa ɗaya zai faɗa cikin na bayansa. Jerin duwatsu kuwa dole ne ya bi layin da ƙasa ta daidaita. In ya karkace, shi da kansa zai tara ruwa wuri ɗaya ya buɗe sabon kwazazzabo. Gamba da jema da ake shukawa a bayan duwatsun su ne ke riƙe aikin da saiwarsu bayan duwatsun sun nutse.

Mafi arha cikinsu shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980: manomi ya bar kututturen gawo, kalgo ko sabara ya tofo, ya rage rassa ya kula da masu ƙarfi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Duk da haka, alƙaluman da hukumomi ke bayarwa na nuna ƙasar na asarar kimanin hekta 100,000 kowace shekara, alhali ta ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030.

Kwazazzabo da tudun rairayi

Inda ruwa ya riga ya tsaga ƙasa, tassa ba ta isa. Nan ne ake kawo kejin waya da ake cikawa da duwatsu, wanda ma'aikata ke kira gabiyo. Amfaninsa shi ne yana barin ruwa ya wuce yana tare yashi, kuma yana lanƙwasa in ƙasa ta motsa, ba kamar bangon siminti da ke tsagewa ba. Amma yana da sharuɗɗa. Sai an cusa gefunansa cikin gaɓar ƙorama, sai an bar tsakiyarsa ƙasa-ƙasa don ruwa ya bi ta nan, sai kuma an shimfiɗa duwatsu a inda ruwan ke faɗowa. In aka tsallake ɗaya, ruwa zai zagaye shi ko ya ƙwaƙule gindinsa. A kwarurukan jihar Tawa an ƙara da dogayen madatsai marasa tsayi masu baza ruwa a faɗin kwari, waɗanda suka ɗaga ruwan rijiyoyi suka ba da damar noman rani.

Ƙa'idar da ake yawan takewa ita ce ta farawa daga sama. Kwazazzabo ta kansa yake ci, yana ja da baya zuwa tudu. Gyara shi a bakin gari alhali fakon da ke aiko masa da ruwa na nan tsirara, zuba kuɗi ne a rariya. Sai dai aikin bakin gari shi ake gani, shi ake ɗauka hoto, shi ya sa yake riga samun kuɗi.

A gabas, wajen Gure da Maine-Soroa, abokin gaba iska ce. Tuddan rairayi na tafiya suna rufe kwarurukan dabino da kanwa. Maganin mataki biyu ne. Da farko ana kafa shingaye da rassan kalimbo ko kaba, a gicciye da inda iska ke fitowa, a yanka tudun gida-gida. Shingen na tsayar da rairayi na ƴan shekaru, kafin nan ciyawa da itatuwan da aka dasa a tsakani sun kama. In dabbobi suka shiga kafin shukar ta yi ƙarfi, ko aka kwashe shingen aka yi makamashi, tudun ya ci gaba da tafiyarsa.

Gini: ƙafa da kai, sannan bango

Mafi yawan gidajen da suka faɗi a 2024 na laka ne, wannan ba a musu. Amma yadda suke faɗuwa na da abin lura. Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa, idan ruwa ya kwanta a jikinsa ya jiƙa tubalin ƙasa, ko daga sama, idan indararo ya toshe ruwa ya tsaya kan soro. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 a ruwa irin na Maraɗi yana zubar da lita 15,000, wato tano 75. Idan duk wannan a gindin bango yake sauka, ko wane irin bango ne yana cikin haɗari.

Maginan gargajiya sun san wannan. Suna zaɓen birji, su cuɗa shi da ciyawa, su bar shi ya ruɓa kwanaki kafin a yi tubali. Suna shafe bango da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, a manyan gidaje kuma da laso, sannan a sabunta yaɓe kafin kowace damina. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986 da wannan ilimi, hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 kuma tana tsaye ne saboda ana yi mata gyara a kai a kai. Abin da ya canja shi ne ɗorawa ta yi ƙaranci, yaɓen shekara-shekara ya zama nauyi, talaka kuma yana gini cikin gaggawa a filin da ya samu, sau da yawa a kan hanyar ruwa. Wasu na shafa siminti a kan bangon laka don su huta, alhali kayan biyu ba sa riƙe juna: simintin ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye.

Tsakanin tubalin laka da bulon siminti akwai hanya ta uku, wato bulon ƙasa da ake matsawa da inji bayan an haɗa shi da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Buhu ɗaya mai kilo 50 na iya ɗaure kilo 600 zuwa 1,000 na busasshiyar ƙasa. Injin hannu ya isa, ba a bukatar wuta, ɗakin kuma ya fi na bulon siminti sanyi. Da irin wannan bulo ne mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000 a Yamai, da cibiyar Hikma ta Dandaji mai masallaci da ɗakin karatu, wadda aka kammala a 2018.

Nan ma sai an bi ƙa'ida. Siminti ya fi kama ƙasa mai yashi da tsakuwa. Ƙasa mai yawan yumɓu ta fi jituwa da farar hodar ƙonannen dutse da ake kira « chaux » da Faransanci. Ƙasar saman gona mai ruɓaɓɓen ganye ba ta yi, haka mai gishiri ko kanwa. Gwajin farko ba ya bukatar komai sai kwalba: a zuba ƙasa da ruwa, a girgiza, a ajiye, yashi zai kwanta ƙasa, yumɓu ya zauna sama, a ga rabon kowane. Bayan an matsa bulon kuma sai an rufe shi ana yayyafa masa ruwa, a jira mako huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Wanda ya shanya shi a rana tun ranar farko ya yi asarar simintinsa. Kuma ko bulon ya yi kyau, sai an ɗora shi kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa.

Hanya ba ta mutuwa ta sama

Haka abin yake ga hanyoyi. Kwaltar da ake gani ƴar fata ce. Ƙarfin hanya na cikin jar ƙasa mai tsakuwa da ke ƙarƙashi, wadda injiniyoyi ke kira latirit. Ana shimfiɗa ta hawa-hawa, a jiƙa ta daidai gwargwado, a danne da inji. In ta bushe da yawa ba ta dannuwa, in ta jiƙe da yawa ta zama taɓo. Inda latirit ɗin ba shi da ƙarfi ana ƙara masa siminti kaɗan ko niƙaƙƙen dutse. Duk waɗannan ana auna su a ɗakin gwaji, kuma nan ne ake gane ɗan kwangilar da ya rage hawa ko ya yi rowar ruwa.

Amma hanyoyin da ruwa ya yanke a 2024 galibi a mahaɗarsu da ƙoramu suka yanke. Gadoji da magudanan da aka auna da ruwan shekarun baya yanzu suna karɓar ruwan fakon da ya faɗaɗa, tare da yashin da ke toshe su. Kuɗin ƴan kilomita na kwalta zai iya gyara ɗaruruwan hekta a saman gada. Matsalar ita ce hanya na hannun ma'aikatar gine-gine, tudu na hannun ma'aikatar muhalli, magudanan gari na hannun hukumar gari, ruwa kuwa bai san wannan rabo ba.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko shi ne kulawa. Yawancin ayyukan farfaɗo da ƙasa ana yin su ne da tsarin aiki a biya ka da kuɗi ko abinci a lokacin rani. Tsarin na rage yunwa da ci-rani, amma yakan sa a auna nasara da yawan ramukan da aka haƙa. Rabin watan da ba a shuka komai a ciki ba, ba a kuma tsare shi daga dabbobi ba, cikewa yake cikin damina biyu ko uku. Gabiyon da wayarsa ta tsinke ba a ɗaure ba, duwatsunsa na ƙarewa a harsashin gidan wani.

Na biyu shi ne mallaka. Tassa da sassaben zamani sun bazu ba tare da an biya kowa ba saboda manomi ya san amfanin nasa ne, kuma dokar da aka ɗauka a watan Yuli 2020 ta ƙara tabbatar masa da haƙƙi kan itatuwan da ya raya a gonarsa. Fakon gayya da makiyaya kuwa na kowa ne, shi ya sa ba na kowa ba ne. Kundin dokokin karkara na 1993 ya tanadi kwamitocin kula da filaye. In ba su zauna da manoma da makiyaya sun rubuta wanda zai tsare fili da wanda zai ci amfaninsa tun kafin a sa diga ba, filin da aka gyara kan zama sabon abin rikici.

Na uku shi ne kuɗi. Manyan ayyukan nan da tallafin waje aka yi su, kuma bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 wasu abokan hulɗa sun dakatar da nasu. Akwai shirye-shiryen Bankin Duniya irin su PIDUREM mai kula da magudanan ruwa da kariyar birane, amma shiri na da ranar ƙarewa, yasar magudana kuwa aikin kowace shekara ne. Wannan nauyi a kan kasafin ƙananan hukumomi zai faɗa, su da ke samun kuɗin shiga daga yankan filaye, har da filayen da ruwa ke bi.

Masu iya magana na cewa tun ran gini ran zane. Watannin rani ne kaɗai lokacin da za a iya jera dutse a tudu, a ɗaure gabiyo, a yashe magudana, a ɗaga gindin bango. Ƙaramar hukumar da ta san ƙoramun da ke shigo mata, ta bi kowace zuwa tushenta, ta raba aiki tsakanin masu gona a sama da masu gida a ƙasa, ta riga ta rage gidajen da za ta ƙirga a watan Agusta. Wadda ta jira hadarin farko kuwa, buhunan yashi da tabarmin agaji ne za su rage mata.